Ɗakin Girkin Zauren Mahaƙa

A majalisar garin Halvern, can cikin tsaunukan kwal na jihar Pennsylvania, babu wanda ya daɗe kamar Ludmila Sabol. Ta shiga tana da ƙarfinta, ga shi yanzu sai ta dafa teburi take miƙewa. Ta ga an yi muhawara a kan magudanan ruwa, da gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara, da karnukan da ba su da iyayengiji, amma ba ta taɓa ganin zancen da ya ci wa majalisa rai irin zancen gyaran tsakiyar gari ba. Tun narkewar ƙanƙara ake tauna shi, har ganyen itatuwa ya fara ja ba a haɗiye ba.

Asalin maganar shi ne gwamnatin jiha ta ware kuɗi domin tsofaffin garuruwa irin nasu, waɗanda aka toshe ramukan haƙarsu, matasansu suka watse neman abinci, aka manne tagogin rabin kantunan babban titinsu da takarda. Sharaɗin kuwa, gari ya kawo tsarin da zai jawo masu yawon buɗe ido, ya kuma raya zane da kiɗa da wasan dandamali. Aka ɗauko masu tsara birane daga nesa, suka zaga, suka ci abinci, suka koma, suka aiko da hotuna. A tsakiyar tsarinsu akwai Zauren Mahaƙa, ginin jan bulo da kakannin su Ludmila suka ɗora da hannuwansu bayan tashi daga aiki, wanda ya koma hannun gari da ƙungiyar mahaƙan ta mutu. Samansa zai zama dandalin wasanni da ɗakin nuna zane. Ƙasansa kuwa, inda ɗakin girki yake, za a fasa a kafa tandunan gasa yumɓu, baƙi su riƙa zuwa koyon ginin tukwane.

Wannan ɗakin girkin shi ne damuwar Ludmila. A Halvern, idan aka binne mutum, daga maƙabarta zauren ake dawowa, a sauka ƙasa, matan coci su ciyar da kowa ba tare da an karɓi ko kwabo daga iyalan mamaci ba: kabeji da taliya, gasasshiyar kaza, kofi, da pirohi, ƙullin fulawar nan da ake cusa wa dankali da cuku a dafa. Ba a tambayar cocin da mamaci yake zuwa, ko ma yana zuwa. Kowace Juma'a matan sukan haɗu su yi pirohi na sayarwa, da kuɗinsa ake ɗaukar nauyin abincin makokin. Ciyar da gidan da mutuwa ta hana hura wuta aiki ne da duk wanda ya san Allah ya san girmansa, Ludmila kuwa ta tarar da uwarta a kansa, ta gaje ta. Ba ta ƙi a gyara gari ba. Abin da take nema jimla ɗaya ce a ƙara cikin tsarin: a bar ɗakin girki yadda yake.

Mutum biyar ne a majalisar, sai uku sun yarda magana take wucewa. Emmett Rourke, wanzamin gari, yana tare da ita, sun riga sun zanta. Shugaban majalisa Howard Teague da Corinne Yeager, malamar zane a makarantar sakandare, suna tsoron a taɓa tsarin jiha ta janye hannunta. Saura Cyril Vrabel, mijin aminiyarta Bernadine, wanda ya yi watanni bai ce komai a kan batun ba, domin hankalinsa yana asibiti wurin matarsa.

Akwai kuma wata doka da ta zame wa 'yan majalisar tamkar farilla. Ba a yarda uku daga cikinsu su tattauna aikin gari a wani wuri ba, sai a zaman da aka sanar, ƙofa a buɗe, jama'a na ji. Lauyan gari, wanda tsoro ya fi ilminsa yawa ko da yake ilmin ma yana da shi, ya ƙara musu da cewa idan ɗaya ya zanta da na biyu, sannan ya je ya zanta da na uku a kan abu guda, sarƙa ce, ana iya kai ƙara a rushe ƙuri'ar. A gari ƙarami irin Halvern wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Sau da yawa idan biyu suna shan kofi a gidan abinci na uku ya shigo, sai ɗaya ya ɗauki kofinsa ya koma wani teburin, mutane na dariya. Ludmila ba ta taɓa ɗaukar abin da wasa ba. Ta ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ta yi rantsuwa ranar da ta kama aiki, kuma a wurinta rantsuwa ba ta tsufa.

Ana saura 'yan kwanaki a kaɗa ƙuri'a, wa'adin Bernadine ya cika. Aka yi mata addu'a a coci ranar Asabar, aka kai ta makwancinta, aka sauko zaure. Ludmila ba ta zauna cikin masu makoki ba. Tun da asuba take tsaye a gaban murhu, domin ba ta san wata hanyar yi wa ƙawarta kuka ba sai wannan.

Da jama'a suka watse, matan na wanke-wanke, Emmett na jera kujeru a jikin bango, sai Cyril ya sauko a hankali, yana riƙe da ƙarfen matakala. Baƙar kwat ɗinsa ta yi masa yawa.

"Uwar tukwane," ya ce, da sunan da ya daɗe yana tsokanarta da shi, "yau gishiri bai ji ba."

"Mai ɗanɗana mana muka raka ɗazu, mijin ƙawata. Sai ka yi haƙuri da namu."

Ya yi murmushi kaɗan. Ya tsaya yana kallon murhun, da kujerar katako da matarsa take zama a kai idan tana fere dankali. Sannan ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"Ludmila, akwai maganar da nake so ki ji daga bakina kafin ranar Talata. A kan wurin nan ne. Bernadine ce ta..."

Ludmila ta ɗaga hannunta mai kumfar sabulu. Idonta yana kan Emmett.

"Cyril, mu uku ne."

"Mu uku me?"

"Ni, da kai, da Emmett."

"Ni ai kujera ce, ku ɗauka ba na nan," in ji Emmett. "Kai, bari ma in hau sama in sha iska."

"Ko ka hau ba ta gyaru ba. Na riga na yi maganar nan da kai. In na yi da shi, sarƙar da lauya ya faɗa ke nan."

Cyril ya dube ta ya daɗe. "Yau na sa matata a ƙasa, ke kuma kina karanta mini doka."

"Ka riƙe ta zuwa Talata, ka faɗa kowa ya ji. Ya fi mana."

"To," ya ce. "Talata." Ya juya ya hau, bai waiwayo ba.

Ita a zuciyarta ta tabbata ta san abin da zai faɗa. Mutumin da matarsa ta ƙare rayuwarta a wannan ɗaki, wanda yanzu-yanzu ya ci abincin makokinta a ciki, me zai ce in ba yana tare da ita ba? Shi ya sa ma ta tsorata. Ga mata nan da kunnuwa, magana kuwa ba ta kwana a Halvern. Ba ta so ta sami ƙuri'ar da wani zai zo ya rushe, ba ta kuma so ta same ta ta bayan rantsuwarta. Amma da ta koma gida ta cire takalmi, ta ga fuskarsa a idonta, sai ta ji kamar ta mari maraya. Ranar Lahadi ta hange shi a coci, ya fita tun kafin a gama waƙar ƙarshe. Ta ɗauki waya za ta kira shi ta ba shi haƙuri, sai ta tuna duk yadda ta fara, maganar can za ta gangara. Ta ajiye.

Ranar Talata da la'asar aka zauna a ɗakin da ke saman ofishin 'yan kwana-kwana. Wani fasto ya buɗe da addu'a, ya roƙa wa majalisa hikima, aka ce amin, wasu da ƙarfi fiye da yadda aka saba. An kafa kyamarar tashar talabijin ta gari a kusurwa. A jikin bango an jingina babban hoton masu tsara birane: titi fes, itatuwa jere, matasa a kan kekuna, yara riƙe da askirim.

"Shugaba, ina da tambaya a kan hoton nan," in ji Emmett tun kafin a ba shi dama. "Na duba na sake dubawa, babu mai furfura ko ɗaya. Mu ina aka kai mu?"

"Kuna cikin shagonka kuna gulma," in ji Howard. "Ka bari a bi tsari, Emmett, don Allah."

Aka ba jama'a dama. Maganganun da aka ji tun bazara su aka sake ji. Wani tsohon direban motar makaranta ya ce in aka rufe titi a ina zai ajiye motarsa idan ya zo karɓar magani. Wata mai gidan saukar baƙi ta ce ɗakunanta sun fi maƙabarta shiru, a taimaka a yi wani abu. Wani ya tashi ya ce shi dai bai ga mahaukacin da zai baro babban birni ya zo Halvern don ya kwaɓa laka ba, su da suka yi shekaru suna neman hanyar fita daga lakar. Aka yi dariya irin ta gajiyayyu. Ludmila ta saurari kowa, ƙafafunta na zugi a ƙarƙashin teburi. Cyril yana ƙarshen teburin, hannuwansa a haɗe, bai dubi kowa ba.

Da aka zo kan batun, ta gabatar da gyaranta na a bar ɗakin girki cikin 'yan kalmomi, Emmett ya mara mata baya, shugaba ya buɗe muhawara. Corinne ce ta fara.

"Gwaggo Ludmila, ni da pirohinki na girma, ranar da aka binne babana ke kika zuba mini abinci da hannunki. Ban manta ba. Amma masu tsarin sun ce tandunan nan ba su da wurin zama sai ƙasa, in babu su kuma jiha ba za ta ɗauki ginin a matsayin cibiyar koyarwa ba. Duk yaron da ya iya riƙe fensir a ajina, barin garin nan yake yi. Na gaji da yi musu rakiya zuwa tasha."

"Ni ma na gaji da rakiya, 'yata," in ji Ludmila. "Ke tasha kike kai naki, ni maƙabarta. In an dawo daga taki kowa gidansa yake tafiya. In an dawo daga tawa, sai an sami inda za a zauna."

Howard ya gyara tabarau, ya dubi ƙarshen teburi.

"Cyril, ba dole ba ne ka yi magana yau. Kowa ya san halin da kake ciki."

"Zan yi. An ce in faɗa kowa ya ji." Ya jawo abin magana kusa da bakinsa. "Ba ra'ayina zan faɗa ba, saƙo ne. A asibiti, da sauran hankalinta garau, Bernadine ta ce mini, Cyril, idan an zo ƙuri'a kada ka bari a bar kicin ɗin nan yadda yake, a rufe shi. Na ce ke kuwa, wurin da kika fi so fiye da ɗakinki? Ta ce shi ya sa. Ta ce 'yan tsirarun da suka rage duk sun haura saba'in, ba wata yarinya da ta shigo tun shekaru. Ta ce muddin murhun nan yana tsaye aka buga waya aka ce wane ya rasu, Ludmila ba za ta iya cewa a'a ba, kamar yadda ita ba ta iya ba."

Ya ci gaba.

"Bara ta faɗi a matakalar nan da tukunya a hannu. Ta ce wa matan sanyi ne ya kama mata ƙugu, ta hana ni faɗa, don kada a ce ta zauna a gida aiki ya ƙaru a kan saura. Ta ce mini, ni dai na tsira da ƙuguna, amma wata rana a ƙasan matakalar nan za a tsinci Ludmila, kuma ba wanda zai dafa na makokinta. Ta ce in rufe mata ƙofar tunda ita ba za ta rufe da kanta ba." Sai a lokacin ya juyo ya dube ta. "Wannan na so in gaya miki ranar Asabar, tsakanina da ke, ba a gaban wancan abin ba." Ya nuna kyamara da haɓa.

Kunya ta kama Ludmila. Duk garin yana kallo, matan cocin ma suna gidajensu gaban talabijin. Ta so ta ce ƙarya ne, amma ta san muryar ƙawarta ko a bakin wani. Ta tuna lokacin sanyin bara, Bernadine na fere dankali a zaune, tana cewa tsufa ne kawai.

"To, Cyril," ta ce, "na ji saƙo. Amma ka gaya mini, wa zai ciyar da mutane idan an dawo daga binne nasu?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Na tambaye ta, ta ce Wanda ya ciyar da su kafin a gina zauren yana nan."

"Za a iya rubutawa a tsarin amfani da ginin cewa duk ranar jana'iza saman zaure na iyalan mamaci ne, kyauta," in ji Corinne da sauri. "Sai a kawo abinci daga waje."

"Abincin saye a makoki," in ji Ludmila. Amma ba ta ce ta ƙi ba.

Aka kira sunaye. Ita da Emmett suka ce e, sauran ukun suka ce a'a, gyaran ya faɗi. Sannan aka kawo tsarin gaba ɗaya, tare da abin da Corinne ta ƙara. Da aka kira sunan Ludmila, ta dubi magatakarda.

"Na amince," ta ce.

Emmett ya dube ta baki buɗe, sannan ya ɗaga kafaɗa. "Tunda janar ta ajiye bindiga, ni wane ne? Na amince. Amma a sa mai furfura ɗaya a hoton."

Ranar Juma'a da safe ta sauka ɗakin girki kamar kullum, sai dai wannan karon ta riƙe ƙarfen matakala da hannu biyu, ta kuma lura da kanta tana yi. Matan sun riga ta, ruwa na tafasa, an baza fulawa a kan teburi. Ba wadda ta yi kamar ba ta ji ba.

"Ga 'yar talabijin nan ta iso," in ji Veronka, wadda ta girme su duka, ba ta ɗago daga ƙullin da take murzawa ba. "To, yaushe ne korar?"

"Bayan Kirsimeti, in magina sun zo."

"Sai a sanar a coci, duk mai niyyar tafiya lahira ya hanzarta, kada ya ƙare da abincin kwali."

"Kai, Yaya Veronka, ki ji tsoron Allah."

"Tsoronsa ne ya sa nake nan da wannan bayan nawa. Ke kina tsammani Bernadine kaɗai ta taɓa faɗuwa? Tambayi Rozalia abin da ya sami gwiwarta."

"Ni ki bar ni," in ji Rozalia daga wajen murhu. "Ni na ce ƙofar mota ce, kuma a kan ƙofar mota nake."

Suka yi dariya, wata ta share ido da gefen riga. Ludmila ta dube su ɗaya bayan ɗaya, hannuwa masu kumburin gaɓoɓi, bayan da ya ranƙwafa, ta ga kowaccensu ta daɗe tana jiran wata ta fara cewa ta gaji. Ta nemi baƙin cikin da ta kwana tana tsammanin zai danne ta a nan, ta same shi, amma a ƙarƙashinsa akwai wani sauƙi da ta ji kunyarsa. Ta nemi gafarar Ubangiji a zuci, ba ta tabbata ko a kan sauƙin ba ne, ko a kan shekarun da ta yi ba ta duba ƙugun kowa ba.

"Tukwanen fa?" in ji Rozalia. "Kowa ta ɗauki abin da gidanta zai ci. In an yi rasuwa a layinku, kya dafa ko kabeji ne ki miƙa, ba sai da matakala ba."

"Babbar nan ba ta shiga kicin ɗin kowa," in ji Veronka. "A bar wa masu laka, su jiƙa yumɓunsu a ciki."

Ludmila ta jawo kujera ta zauna a bakin teburi, abin da matan ba su saba gani ba. Ta naɗe hannun riga.

"Ku turo mini ƙullin nan," ta ce. "Yau a zaune zan yi. Rozalia, ke ma sauko daga kan gwiwar nan, ruwan zai tafasa ko ba ki tsaya a kansa ba."